Ƙarar injuna a rijiyoyin mai na teku: kunne za a toshe ko inji za a gyara?

Ɗan Matan Fada:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau kwanana tara da dawowa hutu Argungu, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo shi nan tunda muna da injiniyoyi da ma'aikatan asibiti. Bakanike ne ni a kan rig, wato dandamalin da ake haƙa rijiyar mai a cikin teku. Kwana 28 a ruwa, kwana 28 a gida, kullum awa 12 a bakin aiki. Bana shekarata goma sha ɗaya ina yi.

Shekaranjiya da dare muna zaune tsakar gida, an ɗauke wuta, sai 'yar autata ta ce, "Baba, ka ji gyaren nan ya yi shiru." Ni kuwa a daidai lokacin ina jin kukansa raɗau a kunnena na hagu. Na tambayi uwarta, ta ce babu wani gyare. Ashe nawa gyaren a cikin kaina yake. Ga shi kuma kwanan nan sai ta ce "tsaya" in ji "saya", har ta fara cewa da gangan nake yi. Kafin in sauko an gwada mana kunne, likitan ya nuna mini takarda, layin ya gangara a wajen da aka rubuta 4000. Abin da ya ce kawai in riƙa toshe kunne. To ai ina toshewa. Tambayata: su injunan ba yadda za a yi a rage musu ƙara ne, sai dai kullum a ce kunnen ma'aikaci?

Alhaji Na-Jega:
Wa alaikumussalam. Allah shi ba ka lahiya. Amma wanga yaro, kai hwa kana da abin godiya. Albashinka na wata guda, wani nan Jega sai shi shekara bai gan shi ba. Mu da munka tashi gaban injin niƙa tun muna yara, wa yab ba mu abin toshe kunne? Kowane aiki da nashi haraji.

Sista Kulu:
Baba Alhaji, da girmanka, harajin nan ba a biyansa a huta. Yaya Ɗan Matan Fada, abin da ka kwatanta alamun kunnen da ƙara ta ci ne, muna ganin irinsu a sashen kunne. Can ciki bayan dodon kunne akwai wani abu mai siffar katantanwa, a cikinsa akwai 'yan ƙananan gasu kusan 15,000 a kowane kunne, su ke karɓar sauti su miƙa wa jijiya. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da shinkafa a fadama. Da farko suna miƙewa in an huta, shi ya sa mutum ke tashi aiki kunnensa a dushe, da safe ya washe. In abin ya yi ta maimaituwa sai su mutu, wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa. Masu karɓar siririn sauti ne ke fara tafiya, wajen 4000 ɗin nan da ka gani. Haruffa irin su s, sh, ts da f duk a nan suke, haka muryar mata da yara. Don haka ka gaya wa Anti ba da gangan ba ne.

Kuma don Allah kada a ɗiga komai a ciki. Ba man zaitun, ba ruwan albasa, ba sosawa da gashin kaza. Matsalar ta wuce inda waɗannan ke kaiwa.

Abu Sefti:
Ni aikina ke nan, shekara bakwai ina jami'in kiyaye haɗurra, duk da ni a tudu nake ba a ruwa ba. Zan faɗi abin da ba za a so ji ba. Kowane ma'aikaci cewa yake yi yana toshewa. Ka zagaya da ƙarfe uku na dare ka gani: soson toshe kunnen yana rataye a wuya, ko an ɗan ɗosana shi a bakin kunne kamar ɗan kunnen amarya. Soson nan sai an murza shi ya sirance, a zagayo da hannu ta bayan kai a ja kunnen sama, a tura, a riƙe har ya kumbura. Mutum nawa ke yin haka? Ga lissafin da muke koya wa sababbi: marufin kunne da ke rage ƙara da desibel 30 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), in ka cire shi na minti 30 kacal cikin awa 8, amfaninsa na ranar ya dawo kamar desibel 12. Ba ina cewa kai ne ba, Oga, amma sau da yawa laifin namu ne.

Ɗan Matan Fada:
Malam Abu, ban ƙi taka ba, amma bari in kai ka wurin. Ina ɗakin janareta, injin dizal huɗu na aiki, na sa soso na ɗora marufi a kai. Rediyo ya yi magana daga sama, ana nemana. Me zan yi? Dole in ɗaga gefe ɗaya. Na biyu, ni bakanike ne, da kunne nake gane boris ya fara ci kafin ya fashe. Na uku, a wajen haƙa in bututu yana lilo a kan mutum, ihu ake yi masa ya kauce. Hausawa suka ce in kunne ya ji jiki ya tsira, to ku kun ce a rufe kunnen. Ƙara zafi da gumi, awa 12, marufin ya jiƙe yana zamewa, ƙafar tabarau ta ɗaga shi ta gefe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Injiniya Bello:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, amma ƙanena Ɗan Matan Fada ya fi kusa da bakin zaren. A ƙa'idar aikin injiniya toshe kunne shi ne mataki na ƙarshe, ana zuwa gare shi ne bayan an yi abin da za a iya a kan injin da kuma hanyar da ƙarar ke bi. Mu nan mun juya abin, mun fara daga wutsiya saboda ita ce mai arha.

Bari in fara da ma'aunin, don shi ke ruɗa mutane. Desibel ba kamar mudu ba ne da za ka ce biyu da biyu huɗu. Duk ƙarin 3, ƙarfin sautin ya ninka. Inji biyu kowanne 90, in ka kunna su tare 93 za su ba ka. Iyakar da aka fi amfani da ita ita ce 85 na awa 8. A 88 lokacin ya koma awa 4, a 91 awa 2, a 94 awa 1, a 100 minti 15. Ɗakin injin dizal irin na rig kuwa ya saba wuce 100. Sannan ku lura, 85 ɗin nan an yi ta ne don mai aikin awa 8. Mai awa 12 tasa iyakar ta sauko wajen 83, kuma ita Norway, mai rijiyoyi a Tekun Arewa, 83 ɗin take amfani da ita ga ma'aikatan teku. Birtaniya a dokarta ta 2005 tun daga 80 ake fara ɗaukar mataki.

Yanzu ina ƙarar take fitowa? Janaretoci, famfunan da ke tura taɓon haƙa cikin rijiya, injin rariya da ke girgiza yana tace tsakuwa daga taɓon, kwamfireso, winci mai aiki da iska, birkin babban injin da ke ɗaga bututu da sauke shi, sai kankare tsatsa, sai jirgi mai saukar ungulu. Kowanne da maganinsa. Inji mai ruri ana yi masa ɗaki, bangon waje mai nauyi ya tare, na ciki mai laushi ya shanye. Bututun hayaƙi da na shaƙar iska a sa musu salansa. Ƙarƙashin inji a sa roba ko sifirin, a haɗa bututunsa da mahaɗi mai lanƙwasa, domin rig ƙarfe ne zalla, girgiza tana bin ƙarfe har ɗakin kwana. Birkin da na ce, tsohon samfurin mai ɗamara shi ke yin wannan ƙugin mai shiga haƙori, sababbin da injin lantarki ke riƙe nauyin ba su yi. Kuma a rig na zamani mai haƙa yana zaune ne cikin ɗakin gilashi a kan kujera da madannai, ba a tsaye gefen birki ba.

A tudu akwai wata dabara ta kyauta, nisa. A fili in ka ninka tazara ƙara tana raguwa da desibel 6. A teku babu wannan, kowane taku na fili kuɗi ne, komai a cunkushe, bangon ƙarfe kuma yana dawo da sautin.

Ɗan Matan Fada:
Injiniya, kamar ka taɓa kwana a ɗakinmu. Gadona yana sama da famfunan taɓo, in na kwanta ina jin bugunsu a haƙarƙarina ta katifa. Wasu da soso suke barci. Maganar ɗakin inji kuma, kwamfiresonmu yana da shi, da kyau ma. Amma robar bakin ƙofar ta mutu tun bara, marfin gefe ɗaya kuma an cire shi ranar wani gyara aka jingine, saboda in an rufe injin yana zafi ya kashe kansa. Har na sauko yana jingine.

Injiniya Bello:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kashi 1 cikin 100 na jikin ɗakin a buɗe yake, duk kaurinsa ba zai rage fiye da desibel 20 ba. In kashi 10 ne, ragin ya tsaya a 10. Naku da marfi guda a ƙasa, kwalliya ce kawai. Kuma zafin da yake yi ba hujjar cire marfi ba ne, alama ce fankar da ke shigar da iska ta gaza ko hanyar iskar ta toshe. Wannan ba aikin miliyoyin dala ba ne. Roba ce da fanka da noti.

Ɗan Poly:
Yallaɓai a yi haƙuri, ni tambayata daban. Ta yaya ake samun shiga aikin nan? Na gama injiniyancin kanikanci a Poly ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi. Ko kunne ɗaya ne a ɗauka, na yafe.

Sista Kulu:
Kai ƙanena, Allah ya shirye ka.

Ɗan Matan Fada:
Ɗan Poly, biyo ni ta akwati mu yi magana, akwai horon tsira a ruwa da gwajin lafiya da sai ka yi kafin ka taka jirgi. Amma ka daina cewa ka yafe. Nima haka na ce ina shekara 26.

Abu Sefti:
Injiniya, na yarda da tsarin, a aji haka muke koyarwa. Amma ku dubi ta ɓangarenmu. Rig na ruwa mai zurfi haya ake ɗaukarsa a kullum, ɗaruruwan dubban dala a rana. Ka je ka ce a tsayar da aiki don a canja birki saboda ƙara, kallon mahaukaci za a yi maka. Gobara ko fashewar rijiya kowa yana tsoro, saboda rana ɗaya take kashe mutane ta shiga labarai. Kurumta kuwa shekara goma take tafe a hankali, ba jini, ba gawa, ranar da ta iso mutumin ya riga ya bar aiki yana Yauri yana noman albasa. Shi ya sa takardarta kullum ke ƙasan tari. Abin da ni nake da iko a kai shi ne kwalin soso da allon gargaɗi.

Injiniya Bello:
Kana da iko a kan fiye da haka, Malam Abu. Kana iya auna ƙarar wuri-wuri ka zana taswira. Kana iya maƙala wa mutum na'urar auna ƙara a kafaɗa ya wuni da ita, a ga jimillar abin da ya sha a awa 12, ba abin da aka ɗauka cikin minti biyu da rana ba. Kana iya raba zaman ɗakin inji tsakanin mutum uku maimakon ɗaya. Kana iya neman marufin da ke da rediyo a ciki, ka kashe dalilin ɗaga gefe. Manyan gyare-gyaren kuma ba wanda ya ce a tsayar da haƙa, ai rig yana shiga babban duba duk shekara biyar, a nan ake yinsu. Kuma ranar sayen sabon inji a rubuta iyakar ƙara a takardar kwangila kamar yadda ake rubuta ƙarfin doki. Wani abu ɗaya: kada a ruɗi mutane da soso da marufi tare. Ba ninki suke yi ba, ƙarin wajen desibel 5 ne a kan wanda ya fi ƙarfi, saboda daga wani mataki sautin ta ƙashin kai yake shiga.

Alhaji Na-Jega:
To ni dai ina karatu. Amma Injiniya, duk wanga lissahi na Turawa na. Nan wa ka bin shi?

Lauyan Gwandu:
Alhaji, ranka ya daɗe, muna da namu a rubuce. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ware sashe guda a kan raunin ji da aiki ya jawo. Hukumar NSITF ke riƙe da asusun, mai ɗaukar aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. Kula da lafiyar aiki a rijiyoyin mai kuma yana hannun hukumar NUPRC, wadda ta gaji hukumar DPR bayan dokar man fetur ta 2021. Malam Ɗan Matan Fada, shawara biyu. Ka sanar da wanda ya ɗauke ka aiki a rubuce, doka ta ba da kwana 14 daga sanda ka samu labarin, neman diyyar kuma cikin shekara ɗaya ake shigar da shi. Sannan ka nemo takardar gwajin kunnenka ta farko, ta ranar da aka ɗauke ka. Ita ce shaidarka. In babu ita za a ce da abinka ka zo, ko a ce tsufa ne, ko a ce janaretan gidanka ne.

Abin da ke ba mu wahala a irin wannan shari'a shi ne wa ya ɗauke ka. Mai rijiya daban, mai rig daban, ɗan kwangilar da ya kawo ma'aikata daban. Kowa sai ya nuna ɗan'uwansa. Duba sunan da ke kan takardar albashinka.

Ɗan Matan Fada:
Barista, na gode. Na ukun ne a kan tawa. Kuma a shekara goma sha ɗaya sau uku ɗan kwangilar yana canjawa, ni ina nan a kan injin ɗaya. Ban san a hannun wa takardar farkon take ba.

Lauyan Gwandu:
Asibitin da ya yi gwajin za ka fara tambaya, su kan ajiye kwafi. Ka kuma shigar da wakilin ƙungiyarku, NUPENG ce ko PENGASSAN, wasiƙar ƙungiya ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

Maman Ihsan:
Salamu alaikum. Ku gafarce ni, ni ban san teku ba, ko Legas ban taɓa zuwa ba. Amma tun ɗazu nake karantawa gabana na faɗuwa. Maigidana injin casar shinkafa yake tuƙawa a nan Kamba, shekara goma sha biyar. Ɗaki ne na kwano, injin dizal ɗin a ciki, salansar ta karye tun tuni an bar ta. In ya dawo rediyo sai ya ƙure, maƙwabta na ji. In kira shi daga ɗakin girki sau uku bai waiwayo ba, mu yi ta faɗa, ina cewa raini ne. Sista, wannan ma shi ne?

Sista Kulu:
Yaya, da alama shi ne, amma sai an gwada, don wani lokacin dattin kunne ne ya taru ya toshe, wannan kuwa ana cire shi a gama. Ku je sashen kunne, hanci da maƙogwaro, a asibitin koyarwa na Sakkwato akwai, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ya huta daga injin aƙalla awa 14 kafin gwajin, in ba haka ba sakamakon zai fi gaskiyar muni. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma ana tsare abin da ya rage, kuma na'urar ƙara ji tana taimakawa. Ki riƙa zuwa gabansa ki yi magana yana kallon bakinki, ya fi ɗaga murya. In za a yi masa allura irin jantamaisin ya gaya wa likita kunnensa na da rauni, tana cikin masu taɓa ji.

Injiniya Bello:
Maman Ihsan, nasa ma ya fi na teku sauƙin gyara, don shi yana da fili. A mayar da salansar, mai walda zai yi. A fitar da injin dizal ɗin bayan ɗaki, a gina masa katangar bulo tsakani, bel ɗin ya ratsa ta ƙaramar kafa. A ɗora shi a kan daɓen siminti da roba a ƙarƙashi, ko guntayen tsohuwar taya ne. Gwajin da ba ya buƙatar na'ura: in mutum yana tsaye nisan hannu da kai sai ka ɗaga murya kafin ya ji, wurin ya kai 85 ko ya wuce. Ku gwada shi a gidan casa, da wajen masu haƙa bohol, da wajen injin niƙa dutse na masu zinariya a Yauri.

Abu Sefti:
A nan kam ba ni da ja. Amma har a gyara, ya toshe. Auduga ba ta yin komai, soson ake nema.

Alhaji Na-Jega:
Hm. Ni ma hwa ɗiyana sun daɗe suna cewa sai sun maimaita min magana, ina ce musu su ne ba su buɗe baki. Shekara ashirin ina da injin niƙa kahin in koma sayar da buhu. Yanzu jikana ne ka tsaye gabanshi. Ɗan Matan Fada, in za ka dawo ka riƙo min soson ga naku ko guda goma.

Ɗan Matan Fada:
Baba Alhaji, ba sai na dawo ba, akwai ragowar kwali a jakata, zan ba direban Jega ranar kasuwa. Sai dai a nuna wa yaron yadda ake murzawa, in ba haka ba Malam Abu zai ce ɗan kunnen amarya ne. Barista, na rubuta wasiƙar yanzu, zan turo maka ka duba kafin in aika, don kwana 14 ɗin saura kaɗan. Injiniya, in na koma zan ɗauki hoton marfin nan da ke jingine da robar ƙofar in sa a katin rahoton haɗari. Turo mini lissafin kashi 1 da kashi 10 ɗin nan yadda zan rubuta shi da Turanci, shugaban injiniyoyinmu ba ya jin magana sai da lamba.

Injiniya Bello:
Zan turo bayan isha'i. Ka auno mini tsawo da faɗin marfin, da na ɗakin gaba ɗaya, har da samfurin fankar.